Masaukin da na sauka a Südstadt, Bonn

Jama'ar Katsina masu tambayata inda za su sauka in sun je birnin Bonn na ƙasar Jamus, ga ra'ayina kan gidan da na kama haya a unguwar Südstadt. Unguwa ce ta tsofaffin benaye masu ado a fuska, bishiyoyi reras a bakin titi, shiru kamar GRA ɗinmu da tsakar rana. Ɗakin tsaf yake, hita na aiki, intanet ba ya yankewa, amma fa ba lifta, ni da akwati har hawa na uku sai da na yi haki. Banɗakin kuma ba buta, ka taho da taka.

Abin da ya fi burge ni komai kusa yake. Da ƙafa za ka isa fadar Poppelsdorf da lambun itatuwan jami'a da ke jikinta, kogin Rhine ma ba nisa, kuma in ka shiga cikin gari ga gidan da aka haifi shahararren mai tsara kiɗan nan Beethoven a 1770. Gidan tarihin Haus der Geschichte kyauta ake shiga, can gaba kaɗan ne ofishin DW da muke jin Hausarsu a rediyo.

Sai dai dokar gidan akwai tsauri wallahi, ƙarfe 10 na dare ba hayaniya, shara kuma sai ka rarraba ta, takarda daban roba daban. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, yi cefanenka tun Asabar. Mai iyali zai ji daɗinsa, mai ciwon gwiwa ya nemi ɗakin ƙasa.