Hattara da masu tallar "tsohon tangaran ɗin Sin" mai zanen Turawa

Jama'a, musamman 'yan uwanmu masu fatauci a Guangzhou da masu sayen kayan tarihi ta intanet, ku yi hattara. Akwai masu tallar faranti da kofunan tangaran a Facebook da WhatsApp, suna cewa na ƙarni na 18 ne, a ba su kafin alƙalami yau kafin wani ya riga ka.

Kayan na asali akwai su. A birnin Jingdezhen na ƙasar Sin ake ƙera su, a kai da yawansu Canton, wato Guangzhou ta yau, a yi musu zane daga hotunan ɗab'i da fataken Turai ke kawowa. Shi ya sa za ka ga farantin Sin ɗauke da tatsuniyar Girkawa: Paris yana zaɓar wadda ta fi kyau cikin alloli mata uku, ko Europa a bayan bijimi. An fi yinsu wajajen 1740 zuwa 1760, zamanin Sarki Qianlong. Wannan tarihi na gaskiya shi ɗan damfara ke haddacewa ya karanto maka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hujjojin da suke nunawa. Za su juya farantin su nuna maka hatimin Qianlong a gindinsa. To, mafi yawan kayan da aka yi wa Turawa a wancan zamani ba su da hatimin sarki sam, don haka ganinsa dalilin tsayawa ne. Jan hatimin kakin da ake liƙa wa wasu kayan kuma izinin fitar da kaya ne daga Sin, bai tabbatar da shekara 250 ba. Wasu har takardar kamfanin gwanjo na Christie's ta 1986 suke mannawa, ta kayan jirgin Geldermalsen da ya nutse a 1752, alhali kayan jirgin galibinsu masu shuɗi da fari ne, kuma buga irin takardar ba wuya. In ka ga "Made in China" an gama magana, aikin ƙarni na 20 ne ko bayansa.

Dattin da ke jiki ma na ƙarya ne: shayi da man takalmi ake goga masa. Sa madubin ƙara girma a kan zanen. Na hannu yana nuna sawun alƙalami siriri, na inji kuwa ɗigo-ɗigo ne. Akwai ma kwaikwayon da kamfanin Samson na Faransa ya yi tun ƙarni na 19, tsoho ne amma ba na Sin ba, kuɗinsa daban.

Kada ka tura ko sisi sai ka riƙe kayan a hannunka, wani masani da kai ka nemo ya duba, kuma an rubuta maka cewa za a mayar da kuɗinka in ya zama jabu. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ka ɗauki hoton tallarsa da lambar asusunsa, ka kai ƙara ga dandalin da ya yi tallar da kuma 'yan sanda.