Daga Sakkwato zuwa Maiduguri ta sama: tafiya mai kyau da zagaye ya tsawaita

Tsakanin filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato da filin jirgin Maiduguri, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a shekarar 2023, akwai tazarar kimanin kilomita 860 idan aka miƙe a sama, wato abin da jirgi zai cinye cikin kusan awa ɗaya da rabi. Amma kamfanin da na yi tafiyar da shi ba shi da jirgin da ke haɗa biranen biyu kai tsaye, don haka dole fasinja ya gangara kudu zuwa Abuja, kimanin kilomita 490, sannan ya sake hawa wani jirgin ya nufi arewa maso gabas, kimanin kilomita 710. Jimillar ta kai kusan kilomita 1,200, kuma wannan ƙarin na zagaye daga aljihun matafiyi yake fita, domin kuɗin tikiti biyu yake biya.

A cikin jirgin kansa ba ni da abin zargi. Kujerun suna da tsabta, ma'aikatan suna da ladabi, kuma na ga yadda ɗaya daga cikinsu ta durƙusa ta ɗaura wa wata dattijuwa bel ɗin kujera tana yi mata bayani da Hausa, ba tare da nuna ƙosawa ba. Tashi da sauka duk sun kasance cikin natsuwa.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wurin haɗa zangon farko da na biyu. A Abuja sai da muka karɓi kayanmu muka sake bin layin awo kamar sababbin fasinjoji, sannan muka zauna jira na tsawon sa'o'i, ana ta ɗage lokacin tashi ba tare da wani ya fito ya faɗi dalili ba. Jinkiri a lokacin hunturu abin fahimta ne, domin hazo yakan rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa hango titin sauka, kuma ba wanda ke son a yi kasada da ransa. Abin da ke cin rai shi ne shirun da ake yi wa mutanen da suka biya kuɗi mai yawa, a cikinsu har da masu zuwa jinya.

Duk da haka ina ba da shawarar wannan hanya ga wanda yake da hali. Tafiyar mota ta Gusau da Funtua da Kano da Potiskum da Damaturu ta haura kilomita 1,000, kuma matsalar tsaro ta sa ana gudun bin wasu sassanta da dare. Wanda zai bi ta sama ya ɗauki jirgin safe daga Sakkwato, ya bar tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu, ya kuma tambaya tun a wurin sayen tikiti ko za a wuce masa da kayansa har Maiduguri.