Gargaɗi ga masu sayen zare ta intanet: hattara da shagunan "za mu rufe, komai gwanjo"

Jama'a masu ɗinki, teloli da masu surfani da masu haɗa barguna na ƙyallaye, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da Instagram da TikTok wadda ya kamata mu ja wa juna kunne a kanta. Hoton akwati ne cike da ƙwaryoyin zare, an jera su launi-launi gwanin sha'awa, ga sunan kamfanin da kowa ya yarda da shi a jiki, Gütermann ko Aurifil ko Madeira ko DMC. A ƙasa sai labari mai ban tausayi: wai wata dattijuwa ce ta shekara da shekaru tana riƙe da shagon kayan ɗinki, yanzu ƙarfi ya ƙare za ta rufe, don haka an karya kuɗin komai da kashi 80 ko 90 cikin ɗari. Ga agogo a gefe yana ƙirga mintunan da suka rage kafin garaɓasar ta wuce. Ku rufe shafin ku dawo gobe, agogon zai sake farawa daga inda ya fara jiya. Babu dattijuwa, babu shago. Sunan shafin ma ba zan kawo ba, don ba shi da amfani. Wanda aka yi ƙorafi a kansa yau, jibi zai sauya suna ya dawo da hotunan nan dai da labarin nan dai.

Masu wannan sana'ar iri biyu ne. Na farko shi ne wanda zai karɓi kuɗinka ya yi shiru, ko ya turo maka lambar bin sawun kaya wadda ba ta taɓa motsawa daga inda take. Wannan ɓarawo ne tsagwaro, kuma saninsa ba wuya. Wanda ya fi damuna shi ne na biyun, wanda zai aiko maka da kaya. Domin da zarar ƙunshi ya iso hannunka, takardun kamfanin jigila sun nuna an kai, shi kuwa ya sami abin kare kansa idan ka kai ƙara. Wani lokaci abin da ke cikin ƙunshin 'yan ƙananan ƙwaryoyi ne irin na gyaran maɓalli a hanya, alhali hoton da aka nuna na manya ne. An ɗauki hoton ne kusa-kusa, ba a ajiye hannu ko almakashi a gefe ba balle ido ya gane girma. Wani lokacin kuma ƙwaryar babba ce yadda aka nuna, launin ma daidai, sai ka yi murna ka jera su a kan tebur. Cutar tana ciki.

Zare yana da wata matsala da sauran kayan ɗinki ba su da ita. Yadi kana iya shimfiɗa shi ka auna da tef a gaban kowa. Allura kana ƙirga ta. Amma wa zai zauna ya warware mita dubu biyar don ya tabbatar? A nan maha'inci ya kafa rumfarsa. Sai ya sa a yi masa ƙwarya mai ƙaton ciki, roba ko kwali mai kauri, a naɗa zaren sama-sama kuma sako-sako, daga waje ta cika fam, a ciki ko rabin abin da aka rubuta babu. Ba za ka farga ba sai kana tsakiyar aiki ka ga farin kwali ya fara leƙowa, a lokacin kuwa makonni sun wuce, shafin da ka saya a ciki ya ɓace.

Maganin wannan yana nan, kuma ba ya buƙatar komai sai ƙaramin sikeli mai nuna giram. Masu yin zare suna da ma'aunin da suke kira Tex, wato nauyin mita 1,000 na zaren a giram. Zaren da aka rubuta masa Tex 30, mita 1,000 nasa giram 30 ne. Idan an ce ƙwaryar mita 5,000 ce, to zaren kaɗai ya kamata ya kai giram 150, ban da nauyin ƙwaryar da aka naɗa shi a kai. Ɗora ta a sikeli, ka cire nauyin wata ƙwaryar da ta ƙare mai irin girmanta. In ka ga giram 70 ko 80, ba sai an gaya maka ba. 'Yar tazara ta giram biyar ko goma ba abin faɗa ba ce. Rabi kuwa sata ce. In babu sikeli, cika ƙwarƙwaro da shi ka ga sau nawa zai cika kafin ya ƙare, ka gwada da zaren da ka saba saya, sai dai wannan hanyar tana da jinkiri, kuma jinkirin shi suke so.

A kula kuma da wasan da ake yi tsakanin yadi da mita. Yadi ɗaya bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗan ɗoriya. Yadi 5,000 mita 4,572 ke nan, an rasa mita 428. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, kamfanonin kirki da yawa da yadi suke rubutawa, musamman a Amurka. Laifin shi ne a rubuta "5,000" zalla a talla, ba mita ba yadi, ko a ce mita a talla, kaya su iso ka ga yadi a gindin ƙwarya.

Sai maganar jabu. Abin da zai taimake ku shi ne sanin yadda na gaskiyar yake tun kafin ku biya. Aurifil, alal misali, a Italiya ake yin sa da audugar Masar, kuma launin ƙwaryar yana gaya maka kaurin zaren: mai lamba 50 ƙwaryarsa ruwan lemo ce, babbar tana ɗauke da mita 1,300, mai lamba 40 koriya ce, mai 28 ruwan toka, mai 12 ja. Idan aka nuna maka mai lamba 50 a kan jar ƙwarya, ko aka ce maka a wata ƙasa daban aka yi shi, ka san da wa kake ciniki. Zaren surfani na DMC da aka fi sani sili shida ne a murɗe, tsawonsa mita 8, kowane launi da lambarsa, baƙi shi ne 310. Masu kwaikwayo suna aron lambobin nan, su rubuta cewa launukansu "sun yi daidai da na DMC". In sun tsaya a nan, ba su yi ƙarya babba ba, mai saye ya san ba na kamfanin ba ne. Amma akwai masu manna takardar kamfanin kanta a kan zaren da ba a san inda ya fito ba. Duba rubutun takardar: haruffa sun dushe, ko an yi kuskuren rubuta suna, ko launuka daban-daban duk lamba ɗaya.

Wajen gane ko da me aka yi zare kuwa, wuta ba ta yi wa kowa kara. Yanko tsawon ɗan yatsa, ka riƙe da abin tsinta a kan faranti, ka kusantar da ashana. Auduga tana kamawa nan take, tana warin takarda mai ƙonewa, ta bar toka mai laushi da za ka murje ta bi iska. Foliyesta kuwa ja da baya yake yi daga wutar, ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Siliki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi. Ba wai foliyesta mugun zare ba ne, Gütermann ɗin nan da ake yi wa kowane irin ɗinki da shi foliyesta ne zalla, kuma yana da ƙarfi. Magana ita ce kuɗin auduga ka biya. Wanda ya fi ɓarna shi ne a sayar maka da rayon da sunan siliki ko foliyesta don yana sheƙi. Rayon yana rasa ƙarfi sosai idan ya jiƙe, bai dace da haɗa kabu ba, ado kawai ake yi da shi.

Masu bargo su ne suka fi shan wahala a nan, kuma su nake tausaya wa. Mutum ya yi watanni yana yanka ƙyallaye yana haɗawa, ya shimfiɗa auduga a tsakiya, ya bi da ɗinki layi-layi da jan zare a kan farin yadi. Wanki na farko, rinin zaren ya zuba, kowane layi ya yi inuwa ja a gefensa, kuma babu yadda za a farke dubban ɗinki a sake. Kafin ku yarda da sabon zare, musamman ja da shuɗi mai duhu da baƙi, ku yi 'yan layuka a kan farin ƙyalle, ku jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, ku matse a cikin wani farin ƙyallen ku ga ko zai bar shaida. Ku kuma ja shi tsakanin hannuwa biyu. Zaren audugar da ya daɗe a ajiye, rana da laima sun ci shi, tsinkewa yake yi ba gardama. Irin wannan tsohon kayan ake kwasowa a sake masa leda. A kan keke za ka gane shi da yawan tsinkewa da ƙurar da yake tarawa a wajen ƙoshiya, kai kuma ka yi ta sauya allura kana murɗa tenshan, kana zargin keken da bai yi maka komai ba.

Binciken shafin kansa ba ya cin minti goma. Sa hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, sau da yawa za ka tarar an ɗauke shi ne daga shafin wani shago na gaske. Nemi shekarun adireshin shafin a WHOIS, wurin duba ranar da aka yi wa adireshin shafi rajista: shagon da ya ce ya shekara talatin, adireshinsa bai kai wata biyu ba. Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi kada ya ruɗe ku, yana nufin an sirrance abin da ke tafiya tsakaninka da shafin ne kawai, ɗan damfara ma yana samun sa kyauta. Manyan kamfanonin zare kuma galibi suna da hanyar neman dillalansu a shafukansu, a duba can.

Wajen biya ne asirinsu ya fi tonuwa. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum kai tsaye, ko kuɗin kirifto, ko katin kyauta, ko ya ce a PayPal ka zaɓi hanyar tura wa 'yan uwa da abokai "don a kauce wa caji", to hanyar dawo da kuɗinka yake toshewa, domin wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. A biya da kati ko ta hanyar sayen kaya, inda ake iya kai ƙara.

Idan kuwa an riga an faɗa tarkonsu, kada a zauna ana musayar saƙo da su. Salonsu sananne ne: za su ba ka haƙuri da daɗin baki, su ce za su mayar maka da kashi goma ko ashirin ka riƙe kayan, ko su ce ka mayar da kayan wata ƙasa mai nisa da kuɗin aljihunka, kuɗin da ya fi na zaren. Duk jan lokaci ne har wa'adin ƙara ya wuce. A PayPal, wanda kayansa ba su iso ba yana da kwana 180 daga ranar biya, amma ƙorafin cewa kayan ba su ne aka nuna ba wa'adinsa na iya gaza haka, kuma bankin da ya ba ka kati shi ma yana da nasa. Ka ɗauki hoton tallar tun tana nan, ka ɗauki bidiyon buɗe ƙunshin, da hoton ƙwaryar a kan sikeli lambar giram tana fitowa, ka shigar da ƙara a ranar. Ka kai rahoton tallar ga dandalin da ka gan ta. Idan ka sa lambar katinka a shafinsu, ka sa banki ya rufe katin ya ba ka sabo. Bayan 'yan kwanaki wani zai iya tuntuɓar ka ya ce shi ma'aikacin dawo da kuɗin waɗanda aka damfara ne, ka biya ɗan wani abu ko ka karanto masa lambar sirrin da banki ya turo maka a waya. Su ne dai suka sake dawowa, kada ka ba shi.