Wata bakwai da shafin zayyanata a intanet

Allon sauka nake zayyanawa a Marwa, wani lokaci kuma in yi zane a kan fatar da majeman garinmu suka jeme. Shekara da shekaru hotunan aikina a wayoyin mutane suke yawo, wannan ya tura wa wancan, har siraran layukan da na kwana ina ja da alƙalami su haɗe, ja da rawaya su zama kunu. Shi ya sa da ɗan yayata ya ce, "Kawu, bari in buɗe maka shafi naka na kanka," ban yi gardama ba.

Da farko ya kawo shawarar Behance, dandalin da masu zane ke baje aikinsu a intanet, wanda yake na kamfanin Adobe kuma kyauta ne. Ni dai rumfata nake so, ba zama cikin kasuwa ba, sai muka ɗauki hayar shafi a wani kamfanin waje mai shirya wa masu zane.

Fasalin da muka fara zaɓa ya ruɗe mu da kyawunsa. Hotuna na juyawa da kansu, sunana na fitowa a hankali kamar hayaƙin turare. A kwamfutar yaron, sai son barka. Kwana uku bayan haka wani Alhaji a Kusiri, da 'yarsa za ta yi sauka, ya kira ni: "Malam, abin nan naka juyawa kawai yake yi, ban ga ko allo ɗaya ba." Na gwada a tawa wayar, ni ma haka. Kowane hoto ya kusa megabait 5, ga su 40 a shafin farko. Wa zai ƙona datarsa a kan wannan?

Nan kamfanin ya ci yabo, don sauya fasali bai kai rabin awa ba, kuma ba abin da ya ɓata. Muka koma fili fari fat, babu motsi, babu ado. Hotuna 12 muka bari a gaba, muka rage nauyin kowanne zuwa ƙasa da kilobait 300, aka mai da su WebP, tsarin hoton da Google ya fitar a 2010. Zayyana ita kanta ado ce, in shafi ma ya yi kwalliya sai su zama kishiyoyi. Abin da ya fi burge ni shi ne taɓa hoto ya buɗe, ka ja da yatsu biyu har ka ga inda tawada ta ɗan taru a kusurwa. Mai saye wannan yake nema, ya tabbata hannu ne ya yi.

Ƙarƙashin kowane allo na rubuta tsawonsa da faɗinsa da santimita, da kwanakin da aikin ke ci, da Hausa da Faransanci. Tun daga nan aka daina tambayata "babba ne ko ƙarami?"

Sai abin haushi. Kyawawan haruffan da kamfanin yake bayarwa, da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, kalma kamar "alƙalami" sai ta fito da akwati a tsakiyarta. Dole muka haƙura da wani rubutu maras armashi. Akwatin aika saƙo ta imel kuwa, wata bakwai mutum biyu suka taɓa shi. Da muka sa maɓallin WhatsApp a ƙasan kowane hoto, a makon aka fara sallama daga Garwa da Njamena.

Biyan kuɗin ma sai da katin banki, ba sa karɓar kuɗin waya da kowa ke amfani da shi a nan Kamaru. Sai da na kai wa wani abokina ɗan kasuwa sefa a hannu, shi ya biya da katinsa. In hayar ta ƙare zan sabunta, amma sai na sake zuwa shagonsa.