Saƙon waya ko mai bibiya? Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ƙanwarta

Salamu alaikum. 'Yar uwa ki yi haƙuri ban amsa miki tun jiya ba, maganar ce ba ta layi biyu ba shi ya sa na bari sai na zauna. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi ƙanwarta ta fara shan maganin ƙanjamau wata huɗu kenan, tana aure a ƙauye, gida ɗaya da abokiyar zama da uwar miji, yanzu ta fara tsallake kwanaki har ranar karɓar magani ta wuce ba ta je ba. Asibiti sun ce ta zaɓa, ko a dinga turo mata tes ana kiranta a waya, ko a haɗa ta da ma'aikaciyar da ke bin marasa lafiya a cikin gari. Wanne ya fi?

Na yi aikin sa kai a sashen da ake ba da wannan magani, na riƙe littafin kiran waya, na kuma hau acaɓa na shiga gidajen mutane, to duka biyun na ga inda suke aiki da inda suke kasawa.

Bari in fara da waya tunda ita kowa ke saurin zaɓa. Amfaninta a fili yake, ba kuɗin mota, ba baƙuwar fuska da za ta yi sallama a ƙofar gida makwabta su leƙo, ko ƙaramar waya mai tocila ta isa. Kuma an gwada an ga tana aiki. A Kenya an yi wani bincike mai suna WelTel da ya fito a mujallar Lancet a 2010, mutum 538 waɗanda suka fara shan magani, aka raba su biyu. Rabi duk mako nas za ta tura musu kalma ɗaya tak da Suwahili, "Mambo?", kamar ki ce "ya ake ciki?". Mutum ya amsa "Sawa" in lafiya, ko "Shida" in akwai matsala. Wanda ya ce akwai matsala, ko ya yi shiru kwana biyu, sai nas ta ɗaga waya ta kira shi. Bayan shekara guda, masu samun saƙon wajen kashi 62 cikin ɗari suna shan maganinsu yadda ya kamata, ɗaya ɓangaren wajen kashi 50, waɗanda ƙwayar cutar ta kwanta a jininsu kuma 57 da 48. Ki lura da abu biyu a nan dan Allah. Saƙon bai ambaci cuta ba bai ambaci magani ba, ko mijinta ne ya karanta gaisuwa ce kawai zai gani. Na biyu kuma akwai mutum a ɗaya bakin wayar yana jiran amsa.

Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan abin a ganina. Don a Kamaru, a babban asibitin Yawunde, an gwada turawa mutane saƙon ƙarfafa gwiwa sau ɗaya a mako har wata shida, mutum 200, ba a jiran amsarsu, sakamakon ya fito a 2012 ba a ga wani bambanci ba. Wani binciken kuma a yammacin Kenya ya gano saƙon mako mako ya taimaka amma na kullum kullum bai taimaka ba, kin san yadda muke yi da saƙon kamfanin layi, in ya yi yawa ko buɗewa ba a yi.

To yanzu ki ɗauko wannan ki kawo shi ƙauyen da ƙanwarki take. Wayar tata ce ta kanta ko ta maigida ce ake ara mata? In caji ya ƙare wa ke kai wa mai caji, ba yaro ake aika ba ta wuni a shago a hannun samari? Tana karanta boko ko sai an karanta mata? Akwai sabis a ɗakinta ko sai an fita tsakar gida inda kowa ke ji? Littafin da na riƙe cike yake da lambobin da ba sa shiga, wasu an rufe layin lokacin haɗa NIN, wasu an sace wayar, wasu kuma da gangan suka ba mu lambar da ba tasu ba saboda tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. Mutanen Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato sun tuna 2021 da aka katse sabis makonni saboda 'yan bindiga, duk wanda tunatarwarsa ta dogara da waya a lokacin sai dai Allah. Akwai ranar da na kira wata baiwar Allah, namiji ya ɗauka ya ce wa ke neman matata, daga ina? Gabana ya faɗi wallahi, na ce yi haƙuri malam na yi kuskuren lamba na kashe. Ban sake kiran layin ba, kuma ita ba ta san ma an neme ta ba.

Sai mai bibiya. Wasu wuraren kes manaja ake ce musu, wasu ma'aikatan lafiya ne na unguwa, akwai kuma iyaye mata masu ɗauke da cutar da suka haihu 'ya'yansu lafiya ƙalau aka horar da su suna riƙe hannun sababbi, tsarin da ƙungiyar mothers2mothers ta fara a Afirka ta Kudu a 2001, irinsa kuma akwai shi a asibitocinmu da dama. Su ma an gwada su. A Jinja ta ƙasar Uganda ƙungiyar TASO mai tallafa wa masu ƙanjamau ta sa ma'aikata waɗanda ba likitoci ba suna hawa babur suna kai wa mutane magani har gida, aka kwatanta da masu zuwa asibiti, mutum 1,453, sakamakon ya fito a 2009 cewa na gidan ba su gaza na asibitin ba, ga sauƙin kuɗin mota. A lardin Tete na Mozambik kuma tun 2008 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka haɗa marasa lafiya rukuni rukuni, mutum shida zuwa ƙasa, kamar adashi, wannan watan ɗaya ya je ya karɓo wa kowa, wata mai zuwa wani ya je.

Amma abin da ya sa nake fifita mutum ba waɗannan alƙaluman ba ne, abin da idona ya gani ne. Waya tana maganin mantuwa ne kawai, kuma yawancin matan da na bi ba mantuwa ce ke hana su sha ba. Wata yarinya duk kiran da muka yi mata sai ta ce lafiya lau Anti ina sha, har gwajin jininta ya fito ƙwayar cutar ta yi sama. Na je gidan a matsayin 'yar ajinsu ta Islamiyya, muka shiga ɗaki ta saki labule, ta ɗaga katifa ta zaro robar magani a ɗaure cikin tsohon ɗankwali, na zazzage a tafin hannuna na ƙirga, ta wata guda ce amma ƙwaya 19 na nan. Sai ta fashe da kuka. Ashe an ce mata ta dinga sha ƙarfe tara na dare, shi ne daidai lokacin da ake hira a ɗakinta, ƙanwar miji ma a nan take kwana, robar kuma in an taɓa ta ƙara take yi kamar caki. Ba ta da yadda za ta faɗa min wannan a waya mutane na zaune a gefenta. Muka yi magana da mai ba da magani aka mayar mata da shi bayan sallar asuba, lokacin da kowa ya koma barci, shi kenan fa, gwajin da ya biyo baya ya yi kyau.

Irin su da yawa. Wata ta daina ne saboda tunda ta fara ba ta samun barci, alhali TLD, maganin ƙanjamau da yawancin mutane ke sha yanzu, ƙwaya ɗaya a rana, yakan jawo wa wasu haka, sau da yawa mayar da shi safe ya wadatar. Wata mai ciki tana haɗa shi da maganin ƙarin jini a cikin da ba abinci, ba ta san yana rage masa ƙarfi ba sai an ci abinci ko an raba lokacinsu. Wata an ba ta rubutu da sassaƙe an ce ta warke ta ajiye na asibiti. Wata kuma kuɗin motar ne babu, ba za ta iya cewa maigida ya ba ta ba tunda bai san inda za ta ba. Tes ba zai tono ko ɗaya a cikin waɗannan ba, sai wadda ta zauna kan tabarma da ke.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, mai bibiya ma tana da nata haɗarin kuma ba ƙarami ba ne. A ƙaramin gari kowa ya san aikin kowa, in an saba ganin mace ɗaya tana shiga gidajen da ake zargi, shigarta gidan ƙanwarki kaɗai ta isa ta tona asiri ko ba ta buɗe baki ba. Akwai kuma masu sakin baki, ba su da yawa amma akwai su, duk da dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta bayyana sirrin mutum ba da yardarsa ba, magana in ta fita ba ta dawowa. Sannan yawancinsu ɗan alawus ake ba su daga kuɗin tallafin waje, a watan Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje ma'aikata irin waɗannan da yawa a Afirka aka ce su zauna a gida, marasa lafiyan da suka saba da su suka wayi gari ba mai leƙo su. Ta nan waya ta fi, alam ɗin da kika saita da hannunki ba ruwansa da tallafin kowa.

In ƙanwata ce, mai bibiyar zan zaɓa, amma da sharaɗi. Mace, ba 'yar ƙauyen ba, in da hali mai shan maganin ita ma, don maganar wadda ta ce ni ma shekara kaza ina sha ga yarana ta fi shiga zuciya. Kada ta fara da zuwa gida, su haɗu ranar awo ko rigakafin yara ko a gidanki in ta zo ganin gida. Wayar kuma kada a yar da ita, a mayar da ita igiya tsakaninsu irin ta Kenya, su shirya kalmarsu su biyu, misali "ya yara?", in lafiya ta amsa, in da damuwa ta yi filashin sau biyu a kira ta lokacin da ta san tana ita kaɗai, lambar kuma a ajiye ta da sunan ƙawa. In ba ta karatu, saƙon murya ko filashin ɗin ya isa. Ki roƙi asibitin su duba ko za a dinga ba ta na wata uku a lokaci ɗaya don rage zirga-zirga, ana yin haka har na wata shida ga wanda ya daidaita. Kuma ta koma da wuri ko da ranar ta wuce, kada kunya ta hana ta, ba korarta za a yi ba. In ta cika wata shida za a auna yawan ƙwayar cutar a jininta, ana so ya sauka ƙasa da ƙwayar cuta 1,000 a kowace mililita ta jini, in ya kai ƙasa da 200 ya zauna a haka ba za ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya ba, ki faɗa mata wannan da bakinki don mata da yawa ba su sani ba kuma yana ɗaga musu zuciya sosai.

Abu biyu nake so ki tambaye ta a hankali ba da faɗa ba, ki amsa min ta inbos kada ki rubuta a nan: wayar da take riƙewa tata ce, kuma maigidan ya san halin da ake ciki, shi da abokiyar zamanta sun yi gwaji? In bai sani ba to da wannan mai bibiyar za ta fara, akwai yadda ake gayyato miji asibiti a yi musu gwaji tare ba tare da an ɗora mata nauyin faɗa ita kaɗai ba. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya mata.