Na'urar karɓar kiran kamfani: abin dubawa kafin a saya a Yamai

Duk sana'ar da ma'aikatanta suka wuce uku ko huɗu, asibiti ne mai zaman kansa, ko kamfanin sufuri, ko kantin kayan gini, layi guda a aljihun maigida ba ya isarta, domin abokin cinikin da ya kira sau biyu bai samu amsa ba, wurin maƙwabci yake komawa. Hanyoyi huɗu ne ake samu a Yamai na tsara inda kira zai faɗa da abin da zai faru idan ba a ɗauka ba.

Mafi sauƙi ita ce karkatar da kira a wayar salula. Ana danna **61* sai lambar da ake so da alamar # idan ba a ɗauka ba, **67* idan layin yana kan magana, **62* idan wayar a kashe take, sannan ##002# ya soke duka. Ga mai shago ɗaya wannan ya wadatar, amma lamba guda kawai take kai kiran a kowane hali, kuma galibi mai layin ne ke biyan kuɗin kiran da aka karkatar. Sauran ukun duk standar ne, wato na'urar da ke karɓar kira ta rarraba shi ga wayoyin ofis. Tsohon standar na Panasonic da ya cika ofisoshi yana da ƙarko, sai dai tun ƙarshen 2020 kamfanin ya sanar da cewa zai daina ƙera irinsa, don haka sabon mai saye ya wuce shi. Standar da ake haya a intanet kuwa yana mutuwa ne duk lokacin da intanet ta yanke.

Zaɓina shi ne ƙaramin standar na IP, wato mai tura murya da fasahar intanet, da ake ajiyewa a cikin ofis, irin Yeastar S20 ko jerin UCM na Grandstream. Shi S20 yana ɗaukar ma'aikata 20 da kira 10 a lokaci guda, kuma ana iya saka masa sashen layin gida na Niger Telecom tare da sashen da ke karɓar katin waya na Airtel, Moov Africa ko Zamani Telecom, ta yadda lambar da jama'a suka saba da ita ba za ta canja ba. Kiran da ya shigo yana iya kaɗa wayoyi uku gaba ɗaya, ko ya bi su ɗaya bayan ɗaya; na fi son na farko, domin wanda ya fi kusa shi zai ɗauka. Idan daƙiƙa 20 suka wuce, sai ya tsallaka zuwa salular maigida. Ana kuma tsara shi da lokaci, a ba rana tata hanya, a ba dare tasa, a ware lokacin sallar Juma'a, a sauya jadawalin idan azumi ya kama. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramin ondular, wato akwatin batirin ajiyar wuta, yana riƙe shi idan an ɗauke wuta a watannin zafi na Afrilu da Mayu, muddin wayoyin teburi ma daga nan suke samun wutarsu.

Game da saƙon murya, kada mai sayarwa ya ruɗe ku da girman ma'aji. Mutanenmu ba su saba yi wa na'ura magana ba. Da sun ji ƙarar nan ta fara ɗauka sai su kashe, su aiko da murya ta WhatsApp. Saboda haka akwatin saƙo ya zama matakin ƙarshe, gaisuwar ta zama gajera, a naɗe ta da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a faɗi lokacin buɗewa da lambar WhatsApp a ciki. Jerin “danna ɗaya, danna biyu” kada ya wuce zaɓi uku, kuma wanda bai danna komai ba ya faɗa hannun sakatariya kai tsaye. Abin da ya fi saƙon amfani shi ne rajistar kiran da aka rasa, wadda za a duba kowace safiya a maida kira.

Sai dai na'ura mai kyau a hannun mugun ma'aikaci asara ce. A ofishinmu, wanda ya haɗa mana standar ya tafi da kalmar sirrin mai kula, ya zamana ko sa'ar rufewa za a gyara sai an kira shi an biya kuɗin mai da na aiki, ranar da ya daina ɗaukar waya kuwa sai da aka share na'urar aka sake tsara komai daga farko. Wannan dabara ta zama ruwan dare. Wasu kuma tsohuwar na'ura suke gogewa su saka a sabon kwali: a duba lambar da ke manne a ƙarƙashinta, a gwada ta da ta jikin kwalin da wadda take nunawa a shafin saiti, a lura ko kawunan kusoshin sun sha sukundireba. A tambaya kuma ko sashen katin wayar na 2G ne kaɗai ko yana ɗaukar 4G, domin a ido kusan kamarsu ɗaya, farashinsu ne ya bambanta.

Mafi muni shi ne ɓarayin kira. Akwai masu yawo a intanet dare da rana suna neman standar da aka bar ƙofarsa ta 5060, wato mashigar kira ta intanet, a buɗe da kalmar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta, ko akwatin saƙon da lambarsa ta sirri 0000 ce ko 1234. Idan suka samu shiga, sai su kwana suna kiran lambobi masu tsada a ƙasashen waje da layin kamfani, musamman a ƙarshen mako, mai layin ba zai sani ba sai takardar biya ta iso. Wanda kuma ya ba ku shawarar cika na'ura da katunan waya don shigo da kiran waje a farashin gida, ku rabu da shi, domin haramtaccen aiki ne, kuma kamfanonin waya suna toshe layukan da suka kama.

Kafin a biya cikon kuɗi, a sa mai haɗawar ya canja kalmar sirri a gaban maigida, ya rufe kiran ƙasashen waje ga duk wayar da ba ta bukatarsa, ya kwafi saitin a kile, wato ɗan ma'ajin USB, ya miƙa, ya rubuta garanti da lambar na'urar a takardar sayayya. Sannan a kashe wutar ofis baki ɗaya, wani ya fita waje ya kira lambar kamfanin, a tabbatar ta kaɗa.