Kwale-kwalen Mutum Biyu: Na Katako Ko Na Faiba?

Ga mai neman ƙaramin jirgi na mutum biyu a ruwa irin na Tiga, Bagauda ko Watari, tsawon mita 4 zuwa 4 da rabi ya wadatar. Abin dubawa shi ne jikinsa.

Na katako, musamman na maɗaci, yana da nauyi, kuma nauyin ne ke zaunar da shi idan iskar hadari ta taso da yamma. Kafinta na gari zai gyara shi: a cusa auduga a tsagar, a bi da kwalta mai zafi. Amma ba ya son tudu. Ka bar shi a gaɓa cikin hunturu, katakon ya bushe, haɗin ya buɗe, ranar da ka mayar da shi sai yoyo. A bar shi cikin ruwa, kuma kada ƙwaryar kwarfa ta bar cikinsa.

Na faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi haɗe da roba mai tauri, mutum biyu za su ɗauka, ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Sai dai rashin nauyin yana sa iska ta riƙa kora shi gefe, rana kuma tana cin fatarsa idan ba a rufe ba. In ya daki kututture ya fashe, mai liƙinsa sai birni. Wannan babbar wahala ce ga mutumin karkara.

Masunci mai shiga ruwa kullum, katako ya fi masa. Mai shiga jefi-jefi ya ɗauki faiba mai rufaffen akwatin iska gaba da baya, don ko ya kife ba zai nitse ba. Kowanne aka saya, rigar kariya daga nitsewa guda biyu dole ce.